Amsoshin Tambayoyinku: Kantar Bayan Kujerar Peugeot 504 Ta Ruɓe, Yaya Zan Yi Da Ita?

TAMBAYA: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar Peugeot 504 salun ƙirar 1982, 'yan'uwana kuma suka bar mini ita don ni na fi damuwa da ita. An tayar da inji, an gyara birki, saura fenti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allon nan da ke bayan kujerar baya, a ƙarƙashin gilashi, inda Baba yake ajiye hularsa. Ya lanƙwashe, ya kumbura ta gefen hagu, ledar da ke kansa ta tsattsage, ga manyan huji biyu na sifika. Mai kushin ya ce in kawo kuɗi ya cire ya yar, ya yanko sabon katako ya lulluɓe da farar leda mai sheƙi, a yini ɗaya an gama. In yarda? Ko aiki ne da zan iya da hannuna? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa albarka a abin da ya bari. Malam, aikin nan za ka iya shi da hannunka in kana da haƙuri, kuma ko mai kushin ne zai yi, ya kamata ka tsaya a kai. Amma kada ka bari a yar da tsohon allon, kada ka karɓi farar leda mai sheƙi, kuma kada ka yarda da maganar yini ɗaya. Dalilina yana cikin wasiƙarka, a inda ka ce ya kumbura ta gefen hagu.

Abin da muke kira kantar baya abu biyu ne da aka ɗora wani a kan wani. A ƙasa akwai ƙarfe, wanda aka haɗa da jikin motar da walda tun daga kamfani. Shi ne ya raba ɗakin fasinja da but, shi ne kuma ya ɗaure ɓangaren dama da na hagu na bayan motar don kada jikin ya riƙa murɗewa a kan gargada. A samansa ne aka shimfiɗa allon da kake gani. A motocin wancan zamani allon ba katako ne na gaske ba. Zaren itace ne da aka niƙa aka matse da zafi har ya zama falle, irin wanda ake yin silin na ɗaki da shi, kaurinsa wajen milimita 3. Yana da arha, ba shi da nauyi, yana yankuwa cikin sauƙi. Aibinsa ɗaya: ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

To rana tana ƙona leda, ta kodar da launinta, ta busar da ita har ta tsage. Wannan kowa ya sani, musamman a wajenku da zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, balle abin da ke kwance a ƙarƙashin gilashi cikin rufaffiyar mota. Amma rana ba ta kumbura allo. Duk inda ka ga irin wannan allo ya tashi kamar gurasa, ruwa ne ya sha. Tunda kuma gefe ɗaya ne ya tashi, ruwan ta wuri ɗaya yake shigowa, kuma har gobe yana nan yana jiran damina. In aka sa sabon allo ba a bi sawun ruwan ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Na faɗi haka ne don ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya ina da irin motar nan, na kai ta wurin wani mai kushin da safe, da la'asar na dawo na tarar da aiki gwanin sha'awa. Damina ɗaya ta wuce, kusurwar dama ta taso, but ya soma warin danshi. Da muka ɗaga leɓen robar gilashi da bakin sukurudireba, sai ga tsatsa ta cinye ƙarfen kusurwar har yatsana yana shiga. Ruwan ya shekara yana bi ta nan, yana sauka a kan kanta, ya gangara cikin but ya kwanta a ƙarƙashin tabarma. Kuɗin da na biya mai walda ya ninka na mai kushin sau da yawa, ga ɓacin rai.

Saboda haka aikin farko shi ne cirewa a hankali. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki, don bayan mako biyu ba za ka tuna wane noti ne na ina ba. A yawancin salun na wancan lokaci mazaunin kujerar baya ake fara ɗagawa, sannan a kwance abin da ya riƙe majinginar ta ƙasa, a tura ta sama ta fita daga maratayanta. Ka shiga ta but ka cire wayoyin sifika, ka duba ko akwai noti ko kilif da ya riƙe allon ta ƙasa. Idan ka zo zaro shi, ka sa tafin hannu biyu a ƙarƙashinsa ka jawo shi gaba. Kada ka ɗaga shi ta gefe ɗaya, zai karye a hannunka. Ko ya karye ɗin ma, ka tattara gutsattsarin ka ajiye.

Me ya sa nake nanata a ajiye? Domin shi kaɗai ne ma'aunin da kake da shi. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, can suka daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa in kana neman kayan inji ko na ƙafa, zagaye ɗaya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya ishe ka. Allon kanta kuwa labarinsa daban ne. Duk wanda za ka samu a jikin matacciyar mota irin ranar da taka ta sha shi ma ya sha, kuma a tsawon shekarun nan an yi ta sauya kayan cikin motar, ba lallai na wata shekarar ya zauna daidai a taka ba. Naka, duk lalacewarsa, yana ɗauke da ainihin lanƙwasar gilashinka da gurbin kowane huji.

Da allon ya fita, sai a nemi ruwan. Ka share ƙarfen tas, ka barbaɗa masa hoda ko garin alli sama-sama. Ka zauna a ciki da tocila, wani kuma ya tsaya a waje da buta ko tiyo yana zuba ruwa a hankali. Ya fara daga ƙasan gilashi, ya daɗe a kowace kusurwa, sannan ya hau gefe, sannan sama. In aka fara daga sama ruwa zai bi ko'ina, ba za ka gane ƙofarsa ba. Inda ya shigo zai ja layi a cikin hodar, kana gani ƙarara.

Mafi yawan lokuta laifin na robar gilashi ne. Gilashin bayan 504 roba ce take riƙe da shi, ba gam ba, kuma robar da ta haura shekara arba'in ta bushe, ta tsuke, ta saki kusurwoyi. In ƙarfen da ke ƙarƙashinta lafiya lau yake kuma robar tana da sauran laushi, ana iya ɗura mata gam ɗin gilashin mota, irin wanda ba ya bushewa ƙandas, a ƙarƙashin leɓenta. Amma ka guji silikon ɗin da ake liƙe bayan gida da shi, mai warin tsami. Tsamin nan yana taimaka wa tsatsa, kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa, ga shi kai fenti ne a gabanka. In kuwa tsatsa ta riga ta shiga ƙarƙashin robar, babu makawa sai gilashi ya fita. A nan ina roƙonka abu biyu. Kada a yanka tsohuwar roba sai sabuwa tana hannunka, ka gwada ta a jikin gilashin ka ga ta yi. Kuma ka kira wanda sana'arsa ke nan. Gilashin baya irin wanda aka gasa ne, bugu kaɗan a bakinsa sai ya tarwatse ya zama tsakuwa gaba ɗaya. Masu aikin da igiya suke mayar da shi: a zagaya ta cikin tsagin robar, mutum ɗaya yana danna gilashi daga waje da tafin hannu, ɗaya yana jan igiyar daga ciki, leɓen robar yana hawa kan ƙarfe kaɗan-kaɗan. Aiki ne mai kyan kallo in gwani ne yake yi.

Yanzu ga ƙarfen kansa. Tsatsar da ke sama-sama ba abin tsoro ba ce: buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito, sai jan fentin nan mai hana tsatsa, sai fenti a kai. Inda ya huje kuwa a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon falle da walda. Kada ka yarda a cike ramin da fila a shafe, zai faɗo. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a janye wayoyi, a rufe gilashi da jiƙaƙƙen buhu don tartsatsin walda yana manne masa har abada, sannan mai walda ya san inda tankin mai da bututunsa suke.

Ka duba hujin sifikan nan da kyau. In allo kaɗai aka yanka, da sauƙi. In har ƙarfen aka tsaga da kurfi da guduma don a zura manyan sifiku, kamar yadda aka yi wa motoci da yawa a zamanin kaset, to an raunana bayan motar, kuma ka duba gefen hujin, sau da yawa za ka ga tsaga ta soma tafiya daga nan. Ni a ganina a mayar da ƙarfen yadda yake. Akwai wani dalilin kuma da ya fi wannan nauyi. Mota in tana tafiya iskar bayanta tana juyawa ta dawo, tana tura hayaƙin salansa da ƙura cikin but ta duk inda roba ta saki. Kanta ce shingen da ke tsakanin wannan iska da hancin yaran da ke zaune a baya. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai ciwon kai da jin barci, wani lokaci abin ya wuce nan. Duk hujin da ba kamfani ne ya yi shi ba a toshe shi, a sabunta robar murfin but. Ramukan da kamfani ya bari da kansa don iska ta riƙa fita daga ɗakin fasinja kuwa, waɗannan a bar su a buɗe.

Sai mu koma kan allon. Za a iya ceto tsohon? Ka danna shi da farce a inda ya kumbura. In yana marmashewa, ko zarensa yana tashi falle-falle, ya gama aiki, ma'auni kawai zai zama. In lanƙwasa ce kawai kuma jikinsa da ƙarfi, ka ɓare ledar, ka yayyafa wa bayansa ruwa kaɗan, ba jiƙawa ba, ka sa shi tsakanin katako biyu shafaffu, ka ɗora bulo huɗu ko biyar, ka bar shi a inuwa kamar mako guda. Yakan miƙe. Amma naka da ya haɗa kumburi da manyan huji biyu, shawarata ka yi sabo.

Ka nemi filawud mai kyau na milimita 4, in da hali irin wanda aka yi shi don jure ruwa. Kafinta zai iya ce maka ka ɗauki mai kauri ya fi ƙarko. Kada ka ɗauka. Bakin allon na baya yana shiga wuri ne matsattse a gindin gilashi, na gaba kuma majingina ce take danne shi, in ya yi kauri ba zai zauna ba, sai an tilasta shi, garin haka a ture robar da ka sha wahalar gyarawa. Katakon garin itace da ake yin kabad da shi kuwa, ko kyauta aka ba ka ka bar shi. Ya fi na asalin shan ruwa, ga nauyi.

Kada ka ɗora tsohon a kan filawud ka zana kai tsaye. Abin da ya lanƙwashe ya gajarce, wanda ya kumbura ya faɗaɗa. Ka samo babban kwali, ka zana gefen dama da ya tsira, ka ninka kwalin biyu daidai tsakiya ka kwafi wannan gefen zuwa hagu. Ka yanke shi da ɗan sarari, ka kai cikin mota ka gwada, ka rage da almakashi, ka sake gwadawa, har sai ya kwanta ba tudu ba giɓi. Gurbin huji daga ƙasa za ka sa alamarsa, ta cikin but, da fensir ta ramin ƙarfen. Sai kwalin ya gamsar da kai sannan zarto ya taɓa katako. Wannan matakin shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne masu yini ɗaya suke tsallakewa.

Bayan yanka, a goge baki da samfefa, a rage masa kaifi don kada ya yanke leda. Sannan a shafa banish sau biyu, gaba da baya da duk bakin da zarto ya bi, har cikin huji. In fuska ɗaya aka shafa, ɗayar za ta riƙa shan danshin damina ta bushe da hunturu, allon ya sake lanƙwashewa.

Maganar leda. Gilashin baya a kishingiɗe yake a kan kanta, saboda haka duk abin da ke kwance a nan yana bayyana a cikinsa. Farar leda mai sheƙi da tsakar rana za ta cika maka madubi da farin haske, motar da ke biye da kai sai ka ganta kamar cikin hazo. Shi ya sa kamfanoni suka fi yin wurin nan da launi mai duhu marar ƙyalli. Ka ɓare ledar asali ta inda aka naɗe ta a bayan allo, wurin da rana ba ta taɓa gani ba. Nan ne launinta na gaskiya yake. Ka yanki ɗan ƙyalle ka tafi da shi kasuwa, ka nemi mafi kusa da shi, ka ce ledar mota kake so ba ta kujerar falo ba. In ba a samu ba, siririn kafet na mota mai duhu ya fi jure rana, ko da yake yana riƙe ƙura. Soso a ƙarƙashi kada ya wuce milimita 3. Mai kauri yana sa wurin ya yi tulu-tulu kamar matashi, kuma zafi yana mayar da shi gari.

Gam shi ne inda aiki mai kyau yake lalacewa. Ka tambayi wanda yake jure zafi, irin wanda ake liƙa rufin cikin mota da shi, don na takalmi yakan saki in rana ta buga. A shafa siriri a fuska biyu, a jira har in ka taɓa da bayan yatsa yana danƙo amma ba ya biyo ka. Ka shanya ledar a rana na 'yan mintuna ta yi laushi, ka fara mannawa daga tsakiya kana shafawa da tafin hannu zuwa gefe, kada ka ja ta da ƙarfi don za ta koma. Ka bar rarar santimita 3 zuwa 4 a kewaye, ka naɗe ta baya, a wurin lanƙwasa ka tsattsaga rarar kamar haƙoran zarto don ta kwanta ba tattara. A fili za a yi wannan, nesa da murhu da sigari, gam ɗin nan yana kama wuta kamar fetur. Ka bar allon ya sha iska kwana biyu kafin ya shiga mota, in ba haka ba tururinsa zai bar dusashe a jikin gilashi.

Tunda ka ce fenti ya rage, ga yadda zan jera maka: walda, fenti, gilashi da sabuwar roba, a sake gwajin buta a tabbatar ko ɗigo babu, sannan allo ya shiga a ƙarshe. Ka liƙa 'yan guntayen bargo ko siririn soso a kan ƙarfen inda allo zai zauna, shi ke hana ƙarar kwaram-kwaram a kan hanya. Ka yi amfani da ramukan asali. In dole sai ka huda sabo, ka leƙa ƙasa tukuna ka ga abin da ke wurin, ka kuma auna tsawon ƙusar. Ga masu tsohuwar Marsandi W123 da ke karanta wannan shafi, wannan gargaɗin ya fi shafar ku: tankin man motarku a tsaye yake a bayan majinginar baya, dab da ƙarƙashin kanta. In kuma akwai bel na kujerar baya da notinsa ya bi ta wurin, a yanke masa gurbi a allon ya zauna kan ƙarfe kai tsaye, kada a ɗaure shi ta kan katako.

Sifika fa? In kana son sauti, ka zaɓi wanda zai shiga gurbin da ke jikin ƙarfen ba tare da an ƙara yanka ba, a ɗaure shi a ƙarfe, ba a allo ba. Filawud na milimita 4 ba zai ɗauki nauyin maganaɗisun babban sifika ba, zai lotsa.

Da ka gama, kada wurin ya zama rumbu. Na sha ganin jak, kwalbar turare, laima mai tsini, har da tukunyar kashe gobara a kwance a kan kanta. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta yi karo ta tsaya, abin da ke can baya bai tsaya ba, zai taho da wannan gudun, wanda ya yi daidai da na abin da ya faɗo daga tsayin mita 10, kuma ƙeyar mutanen da ke cikin motar ce a gabansa. Kwalbar turare da laita kuma zafin wurin kaɗai ya isa ya fasa su. In za ka ajiye motar a rana, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan kantar, ka ɗauke in za ka tashi.

Hular Baba kuwa ba ta da nauyi, ka mayar da ita wurinta ranar da ka fara fita da motar. Sai dai kada ka bar ta tana wuni a nan, rana za ta cinye zarenta. In ruwan farko ya sauka, ka buɗe but ka shafa ƙasan kantar da hannunka, kusurwar hagu musamman, ka rubuto mana abin da ka tarar.